Kujerar da Ba a Zama a Kanta

"Tashi! Tashi daga kansa, na ce!"

Tela ta ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki, allura ta tsaya cak a tsakiyar hannun wata riga. Bangon da ya raba ɗakinta da na maƙwabta bulo ɗaya ne tal, amma tun da ta kama haya a gidan ba abin da take jiyowa ta cikinsa sai tarin tsohon, da waƙar sujada da matarsa ke rerawa ƙasa-ƙasa in tana ninke kaya. Yau ga tsawa da hantsi, kuma muryar tsohon ce.

"Sakar min hannu, Baban 'Yan Biyu! Gwiwa ce ta riƙe ni, na zauna in ɗaura takalmi. Kisan kai na yi?"

"Ga gado, ga benci, ga dokin ƙofa. Duk ba su yi miki ba sai shi?"

"Ba kowa a wurin nan! Kai da bakinka kake faɗa a gaban jama'a, ba kowa."

"Ba kowa mana."

"To in ba kowa, wa na danne?"

Tela ta tsinci kanta a tsaye, kunne dab da bango, tef ɗin awo na lilo a wuyanta. Ita dai haka Allah ya yi ta, da son sanin ƙwaƙwaf. In aka kawo mata riga gyara, kafin ta duba inda ya yage sai ta juya cikinta ta ga yadda aka yi ɗinkin. Haka take yi wa mutane ma, sai dai su ba sa juyuwa da sauƙi. Kan me tsohuwar ta zauna? Tabarau? Agogo? Akwatin kayan aiki? Ko jikansu ne ke barci a ƙarƙashin zane ba ta lura ba?

Ba ta gama wannan saƙe-saƙen ba aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Maman 'Yan Biyu ce, ƙullin kaya a hammata, takalmi ɗaya a ɗaure ɗaya a sake, idonta a bushe ƙayau.

"'Yata, kina da inda tsohuwa za ta zauna ba a fizge ta ba?"

Tela ta yi maza ta kwashe yadudduka daga kan kujerar baƙi. Tsohuwa ta zauna, ta ɗan girgiza jiki kamar mai gwada ƙarfin katakon, ta ce, "Wannan dai ba ta da mai ita, ko?"

"Haba Mama. Me ya faru? Kan me kika zauna?"

"Kujera."

"Kujera?"

"'Yar kujerar nan tasa. Kin san ta ai. Duk coci wa bai san ta ba?"

Tela ta san ta kuwa.

A layin, Baba Kafinta ake ce wa tsohon. Rabin ƙofofin gidajen wurin shi ya rataye su, kuma ana gane tasa da cewa ba ta kuka in an tura. Bencinan coci duk aikinsa ne, ka shafa daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba za ka ji kan ƙusa ba. In ɗan ikilisiya ya rasu, shi ke haɗa akwatin, kuma ba ya yarda kowa ya taya shi. Mutum ne mai sansana katako kafin ya saya, mai gaisuwa doguwa, mai dariya gajera. Abu ɗaya ne ba ya yi ko za a haɗa shi da wa: ba ya sassaƙa abin da ke da fuska. Jikokinsa sun yi kuka sun gaji a kan ya yi musu tsuntsu ko ɗan kare, sai mota yake yi musu, motar ma ba fitila, wai fitilun sun cika kama da ido.

A coci kuwa sunansa Baba Shaida. Duk ranar da aka yi baftisma, ko aka yi baƙi, Fasto zai waiga ya ce, "Baba, zo ka ba mu." Sai ya taso da 'yar kujera a hammata, gajera, baƙa wuluk don tsufa, ya ajiye ta a gaban jama'a ya soma. A gidan mahaifinsa, in ji shi, akwai gunki na katako, tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba, yana zaune a kan wannan kujera a kusurwar ɗakin ciki. Kafin kowa ya kai ruwa baki da safe sai an zuba masa nasa, an shafe shi da mai. Shi ne babban ɗa, shi ke goge kujerar. Da ya zama saurayi ya tafi koyon aiki a wajen gine-gine, can ya haɗu da wani magini mai waƙa a saman tsani, wanda ya ba shi labarin Yesu Almasihu suna cin burodi a inuwar bango. Aka yi masa baftisma. Ya koma gida, ya shiga ɗakin ciki da rana tsaka, ya cusa gunkin a buhu, ya je kan gada ya sake shi a ruwa. Mahaifinsa bai ƙara ce masa uffan ba har ya bar duniya.

"Ga kujerar," haka yake rufewa. "Ku duba da kyau. Ba kowa. Allah ɗaya ne, shi kaɗai nake bauta wa, shi kaɗai zan bauta wa."

Jama'a su ɗauka da amin, mata su share hawaye da bakin zane. Ranar da Tela ta fara ji, ita ma ta yi kuka sosai. A karo na biyu ne halinta ya motsa, ta shiga duba ɗinkin ciki. Ta lura da hannu biyu yake ajiye kujerar, a hankali, kamar mai kwantar da jinjiri. Ta lura sai ya zaro hankici ya share ta kafin ya buɗe baki. Ta kuma lura da wata 'yar yarinya ta rarrafo za ta dafa, bai katse magana ba, ƙafarsa kawai ya zura tsakaninsu. Ta ajiye abin a ranta kamar ƙyallen da ba ta san me za ta yi da shi ba tukuna.

Yau ga sauran yadin ya shigo ɗakinta da ƙafarsa.

"Ni ban taɓa sa gunkin nan a ido ba," in ji Maman 'Yan Biyu, tana hura shayin da Tela ta haɗa mata. "Kafin ya san ni ya jefar. Amma duk gidan da muka koma, kafin a shigar da gado sai an sama wa kujerar nan kusurwa. Kullum da safe ya goge ta tas. Sannan ya durƙusa ya yi addu'a. Tambaye ni ina fuskarsa take kallo."

"Ina take kallo, Mama?"

"Ni dai ban ce komai ba. Ɗakin ƙarami ne, in ji shi."

Ta ajiye kofin, ta miƙo wuyan hannunta. Shatin yatsu na nan, bai gama ɓacewa ba.

"Tunda muke da mutumin nan bai taɓa riƙe ni da ƙarfi ba sai yau. Na bar gidanmu na bi shi don ya ce min a ɗakinsa Allah ɗaya ne. To ki ji, 'yata, ki zama shaidata: ba zan sake taka ɗakin can ba sai kujera ta koma kujera. In zamana zai takura miki, in tafi wurin 'yan biyu."

"Wace takura? Ga tabarma, ga ni. Kya riƙa tsinke min zare."

Sai da rana ta karkata Baba Kafinta ya bayyana a ƙofa. Ya gaishe da Tela, ya tambayi aiki, ya tambayi lafiyar keke, ya tambayi ko teburin yanka da ya yi mata bai fara rawa ba. Matarsa na zaune ƙiri-ƙiri a bayanta tana tsinke zare, ya yi kamar labule ne.

"Aiki na kawo miki," ya ce. "Murfi nake so. Yadi mai kauri, wanda ƙura ba ta ratsawa, ki sa masa zif. In an rufe shi, ba wanda zai sake yin kuskure ya zauna. Kin ga rigima ta ƙare ke nan."

"Ki sa masa aljihu, 'yata," in ji tsohuwa, ba ta ɗago kai ba. "Da wuyan riga. Kar ki manta da maɓalli."

Tsohon ya yi gyaran murya. "Da Tela nake magana."

"Ni ma da ita nake."

Tela ta cije leɓe don kar dariya ta ƙwace mata. Ta ce ita ba ta yanka yadi da ka, sai ta auna. Ya ce to ta same shi a shago gobe, don ya mai da abin can, kafin hankula su kwanta. Bayan ya tafi ta zauna tana juya maganarsa. Wani abu ya tsaya mata a ciki kamar zaren da ya sarƙe a ƙasan keke, tana jin sa amma ba ta ga kansa ba.

Shagon rumfar kwano ce a bayan layi, garin katako har idon sawu, ƙamshin gam da na sabon itace sun cika ta. Zarto uku na rataye a bango bisa tsawonsu, guduma a ƙarƙashi, gwangwanayen ƙusa a jere, kowanne da girman nasa. Kujerun gyara sun yi tsibi a gefe, wasu ƙafa a sama. Baba Kafinta ya zagaya da ita yana nuna mata su kamar mai gabatar da dangi.

"Wannan ta karye a baya, mai ita ƙato ne. Waccan ruwa ya ci ta. Ita kuwa wannan ta Fasto ce, ba abin da ya same ta, shi dai yana son a riƙa taɓa ta."

'Yar baƙar kujerar tana can saman wata kanta, sama da gwangwanayen gam, an shimfiɗa mata takarda. Tela ta miƙa hannu.

"A'a, kar ki ɗaga shi. Bari in sauko da shi."

Ya sauko da ita da hannu biyu, ya ɗora a kan teburin aiki bayan ya hure wurin. Tela ta zare tef daga wuya. Ta auna faɗi, ta auna tsawo, shi yana riƙe da bakin tef ɗin don kar ƙarfen ya karce katako. Da ta sunkuya za ta auna ƙafafu, sai ta leƙa ƙasan. Saman ya yi sumul saboda shekarun guga, amma ƙasan kaca-kaca yake: sawun zarto a karkace, wata ƙusa ta lanƙwashe an buga ta a haka, gam ya zubo ya daskare.

"Baba, wa ya yi wannan aikin? Ba hannunka ba ne."

Ya yi ɗan murmushi, irin wanda ba ta taɓa gani a fuskarsa ba. "Hannuna ne. Kafin ya san komai."

"Kai ka yi ta?"

"Aikina na fari ke nan. Tsohona ma mai aikin katako ne. Ina yaro, kaina bai kai wannan teburin ba, na tsinci guntaye na haɗa a ɓoye. Da na gama na kai masa. Ya karɓa, ya juya nan, ya juya can, bai ce komai ba. Ya tashi ya shiga ɗakin ciki. Da can a kan dutse abin yake zama. Ya ɗaga shi, ya ture dutsen, ya sa aikina a wurin." Ya shafa gefen kujerar da babban yatsa. "A gidanmu ba a cewa yaro ya yi ƙoƙari. Wannan ce 'ka yi ƙoƙari' ɗinsa. Ban sake samun wata ba."

"Ban taɓa jin wannan a coci ba."

"Ba ya cikin shaida. Shaida ta Allah ce. Wannan nawa ne."

Tela ta rubuta awon da alli a bayan hannunta, yadda ta saba. Tausayi ya kama ta, har ta ji kamar ta yi shiru ta tafi ta ɗinka masa abinsa. Bakin sana'a ne ya riga ta.

"Wane launi za a sa?"

"Kowanne. Ban da ja. Ba ya son ja."

Maganar ta fita ta tsaya a tsakaninsu. Can waje wani yana buga ƙarfe, wata mota ta wuce. Tela ta ga kan zaren da ya sarƙe mata tun jiya.

"Baba, in yi tambaya? Kujera mace ce ko namiji?"

"Wace irin magana ce wannan? Zare kika fara haɗiya?"

"Yanzu ka zagaya da ni. Ka ce wannan ta karye, waccan ruwa ya ci ta, ita wannan ta Fasto ce. Duk kujerun shagon nan mata ne. Wannan kaɗai ce tun jiya nake jin 'shi'. Tashi daga kansa. A rufe shi. Kar ki ɗaga shi. Yanzu kuma ba ya son ja." Ta naɗe tef ɗin a yatsa. "Ni in zan yi ɗinki ina son sanin mai kaya. Wa zan ɗinka wa rigar nan, Baba?"

Fuskar tsohon ta yi duhu. Ya dafa teburin da hannu biyu, jijiyoyin hannun suka miƙe.

"Ni na jefa shi ruwa. Da hannun nan. Na tsaya na ga buhun ya nutse. Ubana ya mutu ina tsaye a bakin gadonsa ya juya min ƙeya. Ke da kike ƙirga min kalmomi, me kika taɓa jefarwa?"

Ita a cikin coci aka haife ta, imaninta bai taɓa cin mata ko maɓalli ba. Ta ce ya yi haƙuri, ta fito, garin katako na bin sawunta. Amma ko da ta waiga daga bakin rumfar, ba ita yake harara ba. Kujerar yake kallo, leɓensa na motsi, kamar mai maimaita wata magana yana sauraren yadda take fita.

Ta kwashe duka ta faɗa wa Maman 'Yan Biyu, tana jiran a yaba mata. Tsohuwa ta gama tsinke zaren wani siket.

"Ban san shi ya yi ta ba," ta ce a hankali. "Duk zaman nan." Sai kuma ta ɗago ta nuna Tela da almakashi. "Amma ki kiyaye, kar ki raina shi. Abin da ya yi a kan gadar nan da gaske ya yi. Na ga ranar da muka rasa na sawa a tukunya, aka kawo masa aiki mai tsoka a ce ya sassaƙa fuska, ya ce a kai gaba. Na ga ranar da muka binne autanmu, 'yan uwansa suka zo suna raɗa masa cewa abin da ya jefar ne ke bibiyarsa, ya je a nemi sulhu. Ya raka su ƙofa, ya dawo ya durƙusa. Mutumin nan na Allah ne, 'yata. Baƙon ya kora. Wurin zaman baƙon ne ya kasa bayarwa."

Tela ta koma kan keke, amma ɗinkin ya ƙi tafiya. Me tsohon yake gogewa kowace safiya? Tsoro ne, ya bar wuri ko da mai wurin zai dawo ya tarar ba a wulaƙanta shi ba? Ko daɗin amin ɗin jama'a ne, don Baba Shaida ba kujera ai Baba Kafinta ne kawai? Ko kuwa duk ba wannan ba, yaro ne har yanzu yake tsaye a ƙofar ɗakin ciki yana kallon ubansa na ture dutse? Ta juya rigar ta kowane gefe, kowane gefe da nasa ɗinkin, kuma zare ɗaya ne ya bi ta cikinsu duka. Abin da ya fi damunta shi ne, ta yiwu shi kansa bai san wanne ne ba.

Washegari da yamma ya dawo ƙofar, wannan karon fuska a sake, har da sabuwar riga. Bai yi wa matarsa kallon labule ba.

"Maman 'Yan Biyu, an gama. Na je wurin Fasto. Ranar Lahadi bayan sujada za a haɗa wuta a filin coci, a gaban kowa, in sa shi..." ya tsaya, ya gyara maganar, "in sa kujerar a ciki da hannuna. Fasto ya ce zai gayyato har na wasu ikilisiyoyi."

Tela na kallon idonsa. Yana ƙyalli. Ta rantse a ranta har ya fara jera kalmomin sabuwar shaidar, ya san inda zai dakata a ce amin.

"Madalla," in ji tsohuwa. "In ta cinye sai ka kwashe tokar ka zuba a kwalba, ka sama mata kusurwa. Tela ta ɗinka wa kwalbar hula."

"Wai me kike so ne, baiwar Allah? Na ajiye, kin ce na ajiye. Zan ƙone, kin ce..."

"Wa ya taɓa tara jama'a don zai ƙona kujera? Waccan da ruwa ya ci, Fasto za ka kira mata? Wuta da taro ai na manya ne. Ni ban ce ka ƙona komai ba. Gwiwata ke ciwo, ina son wurin ɗaura takalmi. In katako ce, a zauna."

"So kike in zauna inda..."

"Inda wa?"

Ya dubi Tela kamar ita za ta cece shi, ita kuwa ta duƙufa neman allurar da ba ta ɓace ba. Ya juya ya tafi, sabuwar rigar na kaɗawa a bayansa. Maman 'Yan Biyu ta bi shi da ido har ya sha kwana, sannan ta rufe fuska da tafin hannu. Tela ta ɗauka kuka take, sai ta ji sunansa na fita tsakanin yatsun, da sunan Yesu, a jere, a jere.

Lahadi ta zo ta wuce ba a haɗa wuta ba. Aka ce Baba Shaida ya roƙi Fasto a dakata. Ya zo sujada hannu rabbana, ya zauna a bencin baya, ya fita kafin a gama gaisawa. A shago ma, in ji masu wucewa, zarto ya yi shiru, kujerar kuma ya mai da ita kusurwarta a ɗaki. Tsohuwa ta ci gaba da tsinke zare, tana rage cin abinci tana cewa shayi ya ishe ta. Kullum ta ɗaura takalmi a bakin tabarma tana cije baki, ta ƙi kujerar baƙi, wai ta yi mata tsawo.

Ran nan da safe, rana ta ɗan ɗago, Tela na shafa wa keke mai, sai ta ji muryarsa ta bango. Ta saba jin addu'arsa kamar gunjin nesa, ba ta taɓa tsintar kalma ɗaya ba. Yau kuwa kamar a kunnenta yake yi. Ta dubi tsohuwa. Tsohuwa ta riga ta gane: kusurwar kujera tana can ɗaya gefen ɗakin. In har ana jin sa haka, to bangon nan yake fuskanta. Ya ba kusurwar baya.

"Ubangiji, kai ka san ni tun ina ƙarƙashin tebur. Na ce kai kaɗai, kuma ka san ba wasa nake ba. In akwai wanda na bar wa wuri a ɗakin nan, ko tsoro ne, ko sunana ne, ko tsohona ne, yau na tashe shi. Ka riƙe ni. Ni ma gwiwata rawa take."

Maman 'Yan Biyu ta damƙe mata hannu, daidai inda aka damƙe nata.

Katako ya yi ƙara, ƙiiƙ, irin ta abin da bai saba ɗaukar nauyi ba.

Tela ta ƙara manna kunne a bango.

Sannan wani sauti da ba su zata ba: ƙwas. Ƙwas. Ƙwas-ƙwas. Kamar ana ƙwanƙwasa siminti da sanda, a daina, a sake. Bayan shi wani abu ya biyo, suka kasa rabewa ko kuka ne ko dariya, ga alama shi ma mai yin bai rabe ba.

"Me yake bugawa?" in ji Tela cikin raɗa.

"Ina na sani? Ke ce mai kunne a bango."

Ƙofar can ta buɗe, ba ta yi kuka ba, don shi ya rataye ta. Takunsa ya zagayo. Da Tela ta ɗaga labule, ga Baba Kafinta a tsaye, ido jajir, fensir a bayan kunne. Kujerar na hannunsa ɗaya, ya riƙo ta ta ƙafa, tana reto kai a ƙasa kamar kazar da aka sayo.

"Tela, rigar nan a bar ta. Ba mai sawa."

"To, Baba."

Ya leƙa ta saman kafaɗarta, inda matarsa ke zaune da takalmi ɗaya a hannu.

"Na zauna," ya ce. "Ba abin da ya faru. Sai abin kunya. Ashe gurguwa ce, ƙafarta ɗaya ba ta kai ƙasa. Duk shekarun nan ina goge ta, ni kafinta guda, ban san tana rawa ba, don ban taɓa barin mutum ya zauna mata da kyau ba. Shi kuwa tsohon ya gani tun ranar da ya juya ta a hannu, ya karɓe ta a haka." Ya share ido da bayan hannu, ya ɗaga kujerar sama kaɗan. "Maman 'Yan Biyu, taso ki riƙe min ita in daidaita ta, kar gobe ta kayar min da ke."